Tarihin Rayuwar Rudolf Dizal (1858-1913)

Gabatarwa

Daga cikin kalmomin da Hausa ta aro ta hanyar sufuri da kanikanci akwai kalmar dizal, wato man nan mai ɗan kauri da manyan motoci da jiragen ƙasa da injinan niƙa da janareta suke sha, wanda direbobi da 'yan tasha suka fi kiran sa gas. Kalmar tun asali sunan mutum ce, wani injiniya Bajamushe mai suna Rudolf Dizal, wanda a harshensu ake rubuta sunansa Diesel. Sunan ya fara hawa kan injin da ya ƙirƙiro, daga bisani ya zarce kan man da injin yake sha, har aka wayi gari mafi yawan masu furta shi ba su san akwai wani ɗan Adam a bayansa ba. Rayuwar wannan mutum ta ƙunshi talauci da gudun hijira da hazaƙa da arziki da karayar arziki, sannan ta ƙare a tsakiyar teku da dare, a inda babu shaida.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Rudolf Dizal a birnin Faris na ƙasar Faransa ranar 18 ga Maris, 1858. Iyayensa baƙi ne a can. Mahaifinsa, Theodor, mutumin Augsburg ne a yankin Bavariya ta Jamus, sana'arsa kuma ɗaurin littattafai da dukanci, yana ɗinka jakunkuna da 'yan alabai na fata. Mahaifiyarsa, Elise, 'yar Nuremberg ce. Rudolf shi ne na biyu cikin 'ya'ya uku, kuma shi kaɗai ne namiji. Gidan ba na wadata ba ne. Shagon uban bai taɓa tsayawa da ƙafarsa sosai ba, saboda haka yaron ya taso yana taya aiki, yana tura kaya a baro zuwa gidajen masu saye. A nan ya fara ganin yadda manyan masana'antu masu injin tururi suke danne mai sana'ar hannu, abin da bai bar zuciyarsa ba har ƙarshen rayuwarsa. Ya tashi da harsuna uku a baki, Faransanci da Jamusanci da Ingilishi, kuma duk lokacin da ya sami sarari yakan tafi gidan adana kayan fasaha na Faris ya zauna yana zana injinan da aka ajiye.

A shekarar 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da ƙasashen Jamus, sai hukuma ta kori Jamusawa mazauna Faris. Iyalin Dizal suka bar abin da suka mallaka suka tsallaka zuwa Landan. Da zaman ya yi tsanani, sai aka yanke shawarar a aika da Rudolf Augsburg wurin 'yan'uwa, Christoph Barnickel da matarsa Barbara. Ya yi wannan tafiya shi kaɗai, yana ɗan shekara 12, cikin sanyi, ana tsakiyar yaƙi. Barnickel malamin lissafi ne a makarantar koyon sana'a ta garin, shi ya riƙe yaron, ya sa shi a makarantar, ya kuma lura da baiwarsa tun da wuri. Yana ɗan shekara 14 Rudolf ya rubuta wa iyayensa cewa injiniya yake so ya zama, alhali su sun fi son ya kama aiki da wuri ya tallafa wa gida. Ya gama makarantar a shekarar 1873 yana na ɗaya a ajinsu, ya wuce makarantar masana'antu ta garin, sannan a 1875 ya sami tallafin karatu zuwa babbar kwalejin fasaha ta Munik.

Darasin da Ya Sauya Masa Hanya

A Munik ya haɗu da malamin da ya fi kowa tasiri a kansa, wato Farfesa Carl von Linde, masanin ilmin zafi da sanyi, wanda injinan yin ƙanƙara da ya ƙirƙiro suke cikin tushen firjin zamani. A wani darasi a shekarar 1878, Linde ya bayyana wa ɗalibansa cewa injin tururi, wanda duniya take taƙama da shi a lokacin, kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari kawai na zafin kwal ɗin da aka ƙona yake mayarwa aiki. Sauran duk ya bi hayaƙi da tururi ya salwanta. Kamar a ce manomi ya kai buhu goma niƙa, a dawo masa da garin buhu ɗaya ke nan. Linde ya kuma koya musu nazarin wani Bafaranshe, Sadi Carnot, wanda tun 1824 ya nuna cewa gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin da inji ya fara aiki da shi da sanyin da ya ƙare a kai, gwargwadon amfanin da za a samu daga makamashin. Dizal ya rubuta a gefen littafinsa cewa zai binciki ko za a iya gina injin da zai kusanci wannan ƙa'ida. Wannan 'yar alama ta gefen takarda ita ta cinye masa kusan shekara ashirin.

Zazzaɓin taifot ya hana shi rubuta jarrabawar ƙarshe a 1879. Kafin a sake zama, ya tafi masana'antar Sulzer a Winterthur ta ƙasar Suwizalan ya koyi aikin hannu tare da maƙera. A Janairun 1880 ya ci jarrabawa da sakamako mafi daraja, ya koma Faris ya taya Linde kafa masana'antar ƙanƙara, bayan shekara guda kuma ya zama shugabanta. A 1883 ya auri Martha Flasche, suka haifi 'ya'ya uku: Rudolf ƙarami da Hedwig da Eugen. Da rana yana sayar da injinan sanyi, da dare yana ta gwajin wani inji mai aiki da tururin amoniya. Shekaru ya ɓata a kansa bai kai ko'ina ba, ga kuma haɗari, domin amoniya guba ce. Amma a wannan gwaji ne ya san halin iska idan aka matse ta ƙwarai. A 1890 kamfanin Linde ya mayar da shi Balin.

Sirrin Injin

Domin a fahimci abin da Dizal ya zo da shi, wajibi ne a san yadda injin fetur yake aiki, wanda Nikolaus Otto ya daidaita tun 1876. Injin fetur yana shaƙar iska da mai a gauraye, fistin ya matse su a cikin silinda, sannan fulogi ya ba da tartsatsi su kama. Matsalarsa ita ce ba a iya matsawa da yawa, domin idan matsin ya wuce kima, gaurayen zai kama da kansa tun lokaci bai yi ba, ya riƙa dukan fistin. Dizal sai ya raba su. Injinsa iska zalla yake shaƙa. Iska kuwa ba ta cin wuta ita kaɗai, don haka ana iya matse ta yadda ake so. Idan fistin ya tura ta cikin ɗan ƙaramin wuri, zafinta yakan haura digiri 500. A daidai wannan lokaci ake fesa mai, sai ya kama nan take, ba fulogi, ba tartsatsi. Malamin da yake son ɗalibai su taɓa wannan da hannunsu ba ya bukatar ɗakin gwaji: a ɗauko famfon keke, a toshe bakinsa da yatsa, a danna da ƙarfi sau da yawa, za a ji gindinsa ya ɗau zafi. Yawan matsin nan shi ne dalilin da ya sa injin dizal bai cika shan mai ba, shi ne kuma dalilin nauyinsa da ƙararsa, domin dole a gina shi da kaurin ƙarfen da zai jure.

A watan Fabrairun 1892 Dizal ya nemi hukumar Jamus ta ba shi takardar haƙƙin ƙirƙira, aka ba shi mai lamba 67207 ranar 23 ga Fabrairu, 1893. A wannan shekara ya buga wani ɗan littafi yana bayanin injin da ya ce zai maye gurbin injin tururi da duk injinan da aka sani. Maganar ta yi wa mutane da yawa girma a bakin mai sayar da injin ƙanƙara, kuma masu sukarsa ba su rasa hujja ba. A lissafinsa na farko ya nemi a matse iska har ta ninka matsin iskar sarari sau 250, ya kuma so man ya riƙa ci a hankali ta yadda zafin cikin silinda ba zai ƙaru ba. Masana suka nuna masa cewa injin da aka gina a kan haka ba zai iya juya ko da kansa ba, balle ya ja wani abu, domin man da zai ƙona ya yi kaɗan. Dizal ya gane gaskiyarsu cikin 'yan watanni, ya sauya lissafi, ya rage matsin, ya ƙara mai, ya nemi takardar haƙƙi ta biyu. Sai dai bai fito fili ya ce tunaninsa na farko ya kauce ba. Dalilinsa a bayyane yake, domin a kan takardar farko aka ƙulla yarjejeniyoyin kuɗi. Wannan shiru ya zame masa ƙaya a ƙafa daga baya.

Shekaru Huɗu a Augsburg

Mutum biyu suka yarda su zuba dukiya a kan abin da ba a taɓa gani ba sai a takarda: Heinrich von Buz, shugaban masana'antar injina ta Augsburg, wadda daga baya ta zama kamfanin MAN, da kuma Friedrich Alfred Krupp, mai kamfanin ƙarfe na Essen. Dizal ya ajiye aikin Linde ya koma garin da aka rene shi. Injin gwaji na farko silinda ɗaya ce doguwa a tsaye, da wata ƙatuwar ƙafa ta ƙarfe a gefe. Ranar 10 ga Agusta, 1893 aka juya shi da bel, aka fesa masa fetur. Man ya kama da irin ƙarfin da ya tarwatsa na'urar awon matsi, gutsattsarinta suka wuce ta kusa da kawunan mutane. Injin bai tashi ba, amma an tabbatar iskar da aka matse tana kunna mai. Sai ranar 17 ga Fabrairu, 1894 ya yi juyi da ƙarfin kansa, na minti ɗaya tak.

Abin da ya fi ba su wuya shi ne shigar da man. Silinda cike take da iska mai tsananin matsi, ga shi ana so a tura ɗigon mai a cikinta, a warwatsa shi kamar hazo, a daidai lokaci, a daidai awo. Babu famfon da maƙeran wancan zamani za su iya ƙerawa da zai yi wannan. Dabarar da suka koma gare ta ita ce a haɗa wa injin wani famfo na daban mai tara iskar da ta fi ta cikin silinda matsi, ita za ta huro man ciki. Dabarar ta yi aiki, amma ta ƙara wa injin nauyi da tsada, ta kuma ci wani kaso na ƙarfinsa. An gwada mai iri-iri kafin a tsaya a kan kananzir. Dizal yakan wuni ya kwana a wurin, ga ciwon kai mai tsanani da ya addabe shi tun ƙuruciya. Ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Wani matashin injiniya, Imanuel Lauster, shi ya zana inji na uku, wanda ya kai su ga nasara.

Ranar 17 ga Fabrairu, 1897 Farfesa Moritz Schröter na kwalejin Munik ya yi wa injin gwaji na hukuma. Faɗin silindarsa milimita 250 ne, tafiyar fistin milimita 400, ƙarfinsa kuma ya kusa na doki 18. Awon ya nuna yana mayar da kashi 26.2 cikin ɗari na zafin mai zuwa aiki, wato ya ninka na injin tururi mai kyau fiye da sau biyu, ya kuma wuce duk wani injin da ake da shi a duniya a ranar. Wannan inji yana nan a ajiye a gidan tarihin fasaha na Munik.

Arziki da Ɗawainiyarsa

Labari ya bazu, masu kuɗi suka yi ca. Adolphus Busch, attajirin Amurka, ya biya mak miliyan 1 domin izinin ƙera injin a ƙasarsa. Emanuel Nobel ya saya wa Rasha, kamfanin Burmeister & Wain ya saya wa Denmak, wasu kuma a Birtaniya da Beljiyam da Suwizalan. Dizal yana ɗan shekara 40 ya zama miloniya, ya gina katafaren gida a Munik.

A nan ne ya yi gaggawar da ta jawo masa. Ya shelanta cewa injin ya nuna, a kai shi kasuwa, alhali abin da ya yi aiki a ɗakin gwaji, a hannun mutanen da suka san kowane ƙusa nasa, bai kai a miƙa wa baƙon hannu ba. An kafa na farko a wata masana'antar ashana a Kempten a 1898, sai da injiniyoyin Augsburg suka riƙa zarya suna lallaɓa shi. Wasu injinan da aka sayar a wurare daban-daban aka dawo da su: bawul ya ƙone, famfon iska ya lalace, bakin fesa mai ya toshe. Masana'antar da aka kafa da sunansa a Augsburg ta durƙushe. A shekarar 1898 ɗin dai ya sayar da haƙƙoƙinsa ga wani sabon kamfani, jikinsa da hankalinsa suka gaji, aka kwantar da shi a asibiti. Waɗanda suka zauna suka gyara injin ɓangare-ɓangare har ya zama abin dogaro, a cikin shekarun da suka biyo, injiniyoyin Augsburg ne da na Sulzer da na Nobel, waɗanda mafi yawansu ba a tunawa da sunayensu. Na Rasha ma su suka daidaita shi ya riƙa shan ɗanyen mai.

Ga kuma masu jayayya. Wani injiniya, Emil Capitaine, ya kai ƙara a soke takardar haƙƙinsa, bai yi nasara ba. A Ingila, Herbert Akroyd Stuart ya riga ya sami takardar wani inji mai shan mai nauyi tun 1890, sai dai nasa yana bukatar a gasa masa kai da wuta kafin ya tashi, matsinsa kuma kaɗan ne. Suka mafi zafi ta fito ne daga malaman jami'a na Jamus, waɗanda suka riƙa cewa injin da yake aiki ba shi ne wanda aka rubuta a takardar 1892 ba, don haka bai cancanci sunan ba. Rabin maganar gaskiya ne. Amma adalci shi ne a tuna cewa babu wani kafinsa da ya ɗauki matse iska zalla ya mayar da shi ginshiƙin inji, ya kuma tsaya a kai shekara huɗu har ya tashi.

Duk da haka injin ya ci gaba da yaɗuwa. A baje kolin duniya na Faris a 1900 ya sami babbar lambar yabo. A wurin ne aka nuna wani ƙaramin inji yana aiki da man gyaɗa, bisa bukatar gwamnatin Faransa, wadda take tunanin yadda ƙasashen Afirka da ta mallaka za su sami makamashi daga abin da suke nomawa. Dizal ya riƙe wannan batu, ya yi jawabai a kansa a 1912, shekarar da gyaɗar Kano ta fara bin jirgin ƙasa zuwa bakin teku. A 1903 aka fara sa injin a jiragen ruwa na kogi a Rasha da Faransa, daga nan ya shiga jiragen yaƙi masu nutso. A 1912 jirgin Selandia na Denmak ya tashi daga Kofanhegan ya je Bankok ba da kwal ba, mutane suna fitowa kallon jirgin da ba shi da bututun hayaƙi.

Burinsa na asali kuwa, wato ƙaramin inji mai arha da dukawa da maƙera da masassaƙa irin mahaifinsa za su kafa a shagunansu, bai cika a idonsa ba. Ya gwada ƙera ƙaramin inji na mota wajen 1908 zuwa 1910, famfon iskar nan mai nauyi ya hana. A 1903 ya wallafa wani littafi mai suna Solidarismus, inda ya kawo shawarar ma'aikata su riƙa zuba 'yan kuɗi kaɗan a asusu guda, kusan irin adashi, domin su kafa masana'antu na kansu. An buga kwafi 10,000, 'yan ɗaruruwa aka saya. Dukiyarsa kuma ta riƙa zurarewa ta hanyar cinikin filaye da hannun jarin rijiyoyin mai da ba su haifar da komai ba. Gwanin lissafin zafi bai iya lissafin kasuwa ba, kuma ya ɓoye wa iyalinsa halin da ake ciki.

Mutuwarsa

Da yammacin 29 ga Satumba, 1913 Dizal ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden a tashar Antwerp ta Beljiyam, zai tsallaka zuwa Harwich a Ingila domin taron wani kamfanin injin dizal a Landan. Yana tare da abokan harka biyu, George Carels da Alfred Luckmann. Sun ci abinci tare, wajen ƙarfe 10 na dare ya yi musu sallama, ya bar saƙo a tashe shi da ƙarfe 6 da kwata. Da gari ya waye ba a gan shi ba. Gadonsa ba a kwanta a kai ba, rigar barcinsa tana shimfiɗe, agogonsa yana inda mai kwanciya zai iya ganin sa. An sami hularsa da kwat ɗinsa a naɗe kusa da dogaran bayan jirgin. Bayan kwana goma ma'aikatan wani ƙaramin jirgin Holan suka tsinci gawa a teku, ta riga ta lalace. Suka cire abin da ke aljihunta, suka mayar da ita ruwa kamar yadda masu jirgi suka saba a lokacin. Ɗansa Eugen ya duba kayan, da suka haɗa da alabe da 'yar wuƙa da gidan tabarau da kwalin magani, ya tabbatar na mahaifinsa ne. Shekarunsa 55.

Tun daga lokacin ake ta zance. Wasu sun ce faɗawa ya yi, wasu sun ce 'yan leƙen asirin Jamus ne suka jefa shi don kada Ingila ta amfana da iliminsa ana dab da yaƙi, wasu suka ɗora wa attajiran mai. Ba a taɓa kawo shaida a kan zargin kisa ba. Mafi yawan masu tarihinsa sun tafi a kan cewa shi ya halaka kansa, kuma hujjojinsu suna da nauyi. Kafin tafiyar ya bar wa matarsa wata jaka da sharaɗin kada ta buɗe sai bayan mako guda, da ta buɗe ta sami mak 20,000 da takardun da suka nuna asusunsa ya ƙare, ga bashi. A littafinsa na ajiye ranaku kuma an ga ya yi alamar gicciye a kan 29 ga Satumba.

Yadda Injin Ya Ƙanƙance

Abin da ya gagari Dizal wasu suka warware bayansa. Prosper L'Orange ya ƙirƙiro ɗan ɗakin da mai yake fara ci a cikinsa kafin ya shiga silinda, a 1927 kuma kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon fesa mai wanda ba ya bukatar iska. Da aka yar da famfon iskar sai hanya ta buɗe. Manyan motoci suka fara amfani da injin a 1923 da 1924, sannan a 1936 aka fito da Mercedes-Benz 260 D, mai ƙarfin doki 45, wadda 'yan tasi suka fi saye. Saura matsalar nawa, domin motar dizal ba ta da hanzari. Maganin wannan yana hannun wani injiniyan Suwizalan, Alfred Büchi, tun 1905: a bar hayaƙin da ke fita ya juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya wata da za ta cusa ƙarin iska cikin silinda, da ƙarin iska kuwa ana iya ƙona ƙarin mai. Wannan ita ce turbo. Ta daɗe a jiragen ruwa da manyan motoci kafin ta shiga ƙaramar mota a 1978, a Mercedes-Benz 300 SD, sai Peugeot 604 a 1979. A 1997 motar Alfa Romeo 156 ta zo da tsarin da ake tara mai a bututu guda da matsi mai tsanani, kwamfuta tana buɗe kowace injekta a lokacin da ya dace.

Kwatanci guda ya isa ya nuna nisan tafiyar. Injin 1897 silindarsa tana cin kusan lita 20, nauyinsa ya haura tan 4, juyinsa bai kai 200 a minti ba. Injin Multijet da kamfanin Fiat ya fitar a 2003 kuwa silinda huɗu gare shi, dukkansu ba su wuce lita 1.25 ba, nauyinsa bai kai kilo 150 ba, yana juyi 4,000 a minti, yana ba da ƙarfin doki 70. Gangar jikin irin waɗannan ƙananan injina tana da ƙarko, tana kai dubban ɗaruruwan kilomita idan ana sauya baƙin mai a kan kari. Rauninsu yana wurin da ya wahalar da Dizal, wato fesa mai. Ramukan bakin injekta sun kai siririn gashi, ruwa ko ƙura kaɗan a cikin mai ya isa ya kashe su tare da famfonsu, gyaran kuma ba arha. Fankar turbo tana juyi fiye da 100,000 a minti, gurɓataccen baƙin mai yana cinye ta. Matatar hayaƙi kuma takan toshe idan motar ba ta doguwar tafiya. Hayaƙin kansa ya zama abin tuhuma: a 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke haddasa cutar, a 2015 kuma aka gano kamfanin Volkswagen yana maguɗin awon hayaƙin motocinsa. Daga nan cinikin ƙananan motocin dizal ya ja baya a Turai, ko da yake jiragen ruwa da tireloli da taraktoci suna nan a kan injin.

Ƙaramin injin masu sana'a da manoma, irin dangin wanda yake niƙa hatsi da ɗaga ruwa a ƙauyukan ƙasar Hausa, daga baya ya samu. Cikin waɗanda suka fara ƙera shi akwai wani Bajafane, Magokichi Yamaoka, mai kamfanin Yanmar, wanda ya fitar da nasa a watan Disambar 1933. Da yake Dizal ba shi da kabari, a 1957 Yamaoka ya kwaso duwatsu daga Jafan ya gina masa lambun tunawa a Augsburg, garin da ya sauka yana ɗan gudun hijira mai shekara 12. Ɗansa Eugen kuwa marubuci ya zama, shi ya wallafa tarihin mahaifinsa a 1937.